Tanon Dije

Mijin yayata, Labo, mutum ne da za ka wuce sau goma a bakin kasuwa ba ka san ka wuce kowa ba. Gajere ne, siriri, kunnuwa a waje, da malafarsa ta kaba da ta ga shugabannin ƙasa uku. Amma daga Malbaza har Tajaye, in ka ce Labo Tano, ko tsohuwar da ta daina fita ƙofar gida za ta nuna maka kusurwar tsakar gidanta ta ce ga shaidarsa can.

Ni ce Shatu, ƙanwar matarsa Dije. Shekara goma sha biyar na yi ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanin fasa dutsen da ke bayan gari, inda yake aiki. Tsakanina da shi wasa ne irin na ƙanwar mata da mijin ya. Ina ce masa angona, yana ce mani amarya mai baki. Bakin kuwa ina da shi, ban taɓa musu ba.

Ɗan Tajaye ne. Shekarar da fari ya kori mutane daga gonakinsu ya sauko Malbaza da riga ɗaya, ya samu aikin shara a kamfanin. Da aka ga ko ƙusa ya tsinta sai ya kai buro, wato ofis, sai aka ba shi riƙon bayan ɗakin ajiyar kaya da muke kira magazan, wurin da ake tara abin da aka gama da shi: tsofaffin tayoyi, guntayen ƙarfe, da tano. Tano, ga wanda bai sani ba, shi ne babbar gangar ƙarfen nan da mutanen tsallaken iyaka ke kira duro. A ciki ake kawo man injin da wasu ruwan magunguna na wanke ƙarfe. In ya ƙare, kamfani ba ya da abin yi da shi, sai shef, shugaban wurin, ya ce Labo ya san yadda zai yi.

Ya kuwa sani. Duk wadda ta taɓa jan guga a rijiyoyinmu masu gaba ashirin ta san darajar abin da zai riƙe mata ruwan kwana uku. Labo zai yanke kan tano, ya cusa kara da haki ya ƙona, in ya huce ya goge da toka da yashi har sau uku, ya shanya kwana biyu. Mu a wurinmu abin da wuta ta ci, toka ta bi, rana ta duba, ya tsarkaka ke nan. Daga nan sai ya ba mai rabo. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Amarya ce, ko mai jego, ko matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da yara, Labo ya san wadda ta fi bukata, kuma ba ya mantuwar gidan da ya kai.

Na farko da ya taɓa fitarwa na Dije ne.

A lokacin yana neman aurenta, ba shi da keke, ba shi da kuɗin amalanke. Ƙauyenmu, Gidan Illo, tafiyar awa biyu ce daga kamfanin. Ina 'yar shekara goma sha uku muka hango wani abu shuɗi yana tafe a cikin zafin bazara, ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa, ba kai. Yara suka watse. Ashe Labo ne, ya naɗa rawanin aro ya yi gammo, ya ɗauko tano a ka tun daga Malbaza. Ya iso ƙofar gidanmu wuyansa na rawa, ya kasa sallama. Mahaifinmu ya dube shi ya dubi tanon, ya ce wanda ya yi wannan ba zai bar mace da ƙishi ba. Dije tana bayan zana tana leƙe, ta cije mayafinta kada a ji dariyarta.

Da aka yi auren nan ƙauyen suka zauna, shi yana zuwa aiki a kan keken da ya saya daga baya. Tanon ya samu wuri a ƙarƙashin rumfa, a kan duwatsu uku. Dije ta sa aka yi masa murfin katako. Kowace Sallah sai ta saya masa fenti kafin ta saya wa kanta zane. Na sha gaya mata, “Yaya, wanga tano ya hi ni gata a wurinki.” Sai ta ce ai shi ba ya mayar mata da magana.

Allah bai bar masu haihuwa ba. Sau uku tana samun ciki yana zubewa, na ukun har wata shida. Dangin Labo sun yi ta magana har suka gaji, shi ko ta kansu bai bi ba. Su biyu suke zaune, da akuyoyinsu, da tanonsu. In ya dawo aiki ta ɗebo masa ruwa a moɗa, ya sha, ya ce ruwan gidan nan ya fi na ko'ina daɗi. Haka suka yi shekara goma sha takwas.

A shekarar dubu biyu da biyar kamfani ya buɗe wani sabon buro na kula da muhalli, aka turo wata injiniya daga Yamai, Madam Najiba. Yarinya ce a idona, ba ta kai talatin ba, da takalmin ƙarfe da hular kwano a kan kallabinta. Sati biyu da zuwanta kowa ya ji a jikinsa. A sa hula, a rufe hanci, a yayyafa wa hanyar manyan motoci ruwa saboda ƙurar dutse ta daina sauka a gonakin mutane, baƙin mai kuma kada a ƙara zubar da shi a ƙasa. Duk wannan an yi gunaguni an bi. Da ta ce daga yau tano ba zai ƙara fita ƙofar kamfani da lafiyarsa ba, sai an huda gindinsa wuri uku an tura shi inda ake narka ƙarfe, nan ne gari ya ɗauka.

Ni kaina ina cikin masu zaginta. Tano biyu gare ni a rumfar abinci. Na ce wannan 'yar birni da ta tashi tana murɗa famfo, me ta sani game da ruwa? In ta zo cin abinci sai in zuba mata wake ba mai, in ce ya ƙare. Tana ci, ta yi godiya, ta tafi. Wannan godiyar ma haushi take ba ni.

Labo ne aka miƙa wa guduma da wata ƙatuwar ƙusa. Ya riƙe su, ya je ya tsaya a gabanta, malafa a hannu.

“Ranki shi daɗe,” ya ce, “huda abu mai kyau ɓarna ta. Ni ina wanke su. Wuta nika sa masu, da toka.”

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, “Baba Labo, wanke mini guda ɗaya yadda ka saba. Ka yi masa wankin da ba ka taɓa yi wa wani ba.”

Ya zage ya yi. Ta sa aka cika shi da ruwa, aka rufe, aka bar shi a rana kwana uku. A rana ta huɗu ta tara ma'aikata a lokacin hutun rana, ni ma na bar tukunyata na leƙo ta waya. Da aka ɗaga murfin, wani siririn maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Wani direba ya ce ai wannan kullum ana gani, busawa ake yi gefe a ɗiba. Ta sa aka zubar da ruwan a ramin siminti da ta gina don irin haka, ta kira mai walda ya yanka gindin tanon, daidai inda ƙarfe ya naɗe a kan ƙarfe. Ta sa tsinke a cikin naɗin ta kwakulo wani baƙin abu mai danƙo, ta ɗora a kan farar takarda, ta zagaya da shi kowa ya sansana.

“Nan wuta ba ta shiga,” ta ce. “Toka ma ba ta shiga. Ruwa ne kawai yake shiga, yana lasa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Wani man bai da ƙarfi sosai. Amma wanda kuka ga an buga masa baƙar alama a kan launi ja-ja, wannan ba a yi shi don cikin ɗan Adam ba.”

Ina kallon Labo. Ya dubi takardar nan ya daɗe, sannan ya ɗauki gudumarsa. Har aka tashi aiki ana jin ƙararta a bayan magazan.

Washegari da safe ya zo rumfata da amalanken aro. Na ce, “Angona, yau da wuri haka? Wake bai nuna ba.” Bai yi dariya ba. Ya kwashe ruwan tanona biyu, ya ɗora su a amalanke. Na bi shi da ludayi ina masifa, na tono masa har bashin gaisuwar da bai yi wa kakarmu ba. Ya tsaya ya bari na gama, ya ce, “Shatu, ni na ba ki su. Ni ka amsar abina.” Da yamma sai ga shi da randa biyu sababbi.

Dokar kamfani a bakin ƙofa ta tsaya. Ba wanda ya ce masa ya bi waɗanda suka riga suka fita. Shi ya je ya tambayi Madam Najiba, na waje fa? Ta ce ba ta da iko da gidajen mutane, amma duk wanda ya kawo za ta karɓa. Ta zauna ta rubuta takarda zuwa ga manyan kamfani, ta yi ta bin ta har aka yarda kamfani ya ba da randa ko sabuwar robar ruwa a madadin kowane tsohon tano. Ranar da na ji wannan na zuba mata mai har ya kwanta a gefen kwano. Ta dube ni ta ce, “Yau man bai ƙare ba?” Na ce ta ci abincinta ta bar ni.

Daga nan Lahadin Labo ta zama ta hanya. Zai loda randuna a cikin ciyawa tun da sassafe, ya kama jaki, ya bi gidajen da ya kai alheri shekara da shekaru yana roƙon a mayar masa. Wasu sun ba shi da godiya. Wasu sun ce ya haukace. A Tajaye matar wansa ta zauna a kan murfin nata ta ce sai dai ya huda su tare. Ya koma Lahadi uku a jere, yana zama a ƙofar gida har ta gaji da ganinsa. Kafin damina ta sauka ya tara arba'in da ɗaya.

Sai magana ta fara yawo, kuma gaskiya ce. A rumfata direbobi suke jefa masa ita: “Labo, na gidanka hwa? Ko shi ruwan zamzam aka kawo ciki?” Tanon Dije yana nan a kan duwatsunsa uku. Kullum yana komawa gida ya sha daga cikinsa, bai ce mata uffan ba.

Wata rana da azahar, mutane sun tafi masallaci, ya zauna a kan bencina da kwanon abinci bai taɓa ba. Ya rame, kunnuwan nan sun ƙara fitowa. Na ce, “Mi ad da kai? Ka ƙwace na duniya, na matarka ya gagare ka? Tsoronta kaka ji?”

Ya ce, “Shatu, nata yana da alamar.”

Ban gane ba da farko.

“Baƙar alamar da Madam ta hwaɗi. Fenti ya ruhe ta, amma ni na gan ta ranar da na ɗauko shi. Don ita ma na zaɓe shi, na ga ya hi sauran kyau.” Ya juya cokali a cikin shinkafar. “Ciki ukku, Shatu. Duk daga ciki nai taka sha.”

Sai a nan na gane inda ya dosa. Ya ce ya je ya tambayi Madam Najiba ko shi ne sanadi. Ta ce masa, “Baba, ban sani ba. Ba zan ce maka shi ne ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce ba shi ba ne. Abin da na sani, kada ta ƙara sha.” Shi kuma ya rasa ta inda zai fara. In ya ce ta ba shi tanon, za ta tambayi dalili. In ya faɗi dalili, ya gaya mata ke nan da bakinsa cewa da kansa ya ɗauko mata abin da ya hana ta goyo. In kuma ya yi shiru, gobe ma za ta sha. Tausayinsa ya kama ni har na juya baya ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Na ce, “To shirun naka ba ya tace ruwa. Lahadi mu tahi tare.”

Muka tafi a amalanke da randa mafi kyau da ya zaɓo, ja, mai faɗin baki. Dije tana tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa sallama, ta dubi randar a kan amalanke, ta dubi mijinta. Ya buɗe baki, ta riga shi.

“Na ji labari, Malam. Gari duka ya ji, ni ce ba ni ji? Wata huɗu ina jiran ka zaka mani da maganar.” Ta kakkaɓe zanenta. “Amma wagga randa, mai da ta.”

Ya ce, “Dije, ki yi haƙuri, ki saurare ni.”

“Ban ƙi ba. Na ce ka mai da ta. Wancan,” ta nuna tanon da haɓa, “ba jaki ya kawo mani shi ba.”

Na yi tsalle na ce, “Yaya, ki ji tsoron Allah! Tsoho ɗan shekara hamsin da bakwai, ga ciwon baya?” Ta ce in rufe mata baki, ba da ni take ba. Labo kuwa ya tsaya yana kallonta, sai na ga fuskarsa ta saki, karo na farko cikin watanni. Ya juya kan jaki, muka koma da randar har Malbaza.

Lahadin da ta biyo ya ajiye keke a rumfata bayan sallar asuba. Ya naɗa gammo, ya rataya jakar guduma a kafaɗa, na kama masa randar ya ɗora. Na ce ba zan bari ya mutu a hanya ba mai shaida ba, na ɗauki butar ruwa na bi shi. Ta tsakiyar gari muka bi. Masu shayi suka miƙe, 'yan kabu-kabu suna busa masa oda, wani ya ce Labo zai sake aure. Bai waiwaya ba, ba ma halin waiwaya. Tafiyar awa biyu ta zama uku da rabi. Sau huɗu yana jingina da itace randar na kansa, don ya ce wancan karon ma bai sauke ba. Ni ina baya ina masifa, ina zagin shi, ina zagin yayata, ina zagin wanda ya ƙirƙiro tano, ina share hawaye da bakin mayafi in ya ba ni baya.

Da muka iso, Dije tana tsaye a ƙofar gida da zanen Sallarta. Wancan karon a bayan zana ta ɓuya. Wannan karon ta tako har waje, ta sa hannu biyu ta kama randar, suka sauke ta tare. Wuyansa yana rawa kamar na ranar farko. Ta zaunar da shi a tabarma, ta ba shi ruwa daga tulun da ta jawo da safe. Na leƙa tanon, na tarar babu ko ɗigo. Ashe tun ranar da muka zo ta daina zuba masa.

Ya sha, ya ajiye moɗa, ya sunkuyar da kai. “Dije, akwai abin da ban hwaɗa maki ba. Tanon ga, da alama a jikinai. Ɗiyan da munka rasa...”

“Na san alamar,” ta ce. “Ni na shahe ta da fenti da hannuna, Sallar hwarko. Kana tsammani tun da aka hwara maganar ga ban yi wanga tunani ba? Na yi shi, na yi kuka na, na gama.” Ta durƙusa a gabansa har sai da ya ɗago. “Ban san mi ya ɗauke su ba, kai ma ba ka sani ba. Wanda ya ba mu su ya sani. Ni dai ina bayan zana ranar, na ga abin da ka ɗauko. Ruwa ka ɗauko mani, Malam.”

Ya rufe fuska da malafa. Kafaɗunsa suna motsi. Ni na shiga garken akuyoyi na tsaya kamar mai neman wani abu.

Da na fito sun kwantar da tanon sun kifa shi, gindi a sama. Ta riga ta cire murfin katakon ta ajiye gefe, ta ce wannan nata ne, zai yi wa randa. Labo ya zaro guduma da ƙusa, amma ƙusar tana ta zamewa a kan fentin shekara goma sha takwas. Sau biyu tana faɗuwa.

Dije ta ɗauke ta daga ƙasa. Ta kafa bakinta a tsakiyar gindin, ta riƙe da hannu biyu, yatsunta dab da inda guduma za ta sauka.

“Yaya, hannunki!” na ce.

Ko kallona ba ta yi ba. Shi take kallo.

“Buga, Malam,” ta ce. “Na riƙe.”